Cigiyar shanu da amfilifaya mai nauyi

Shekarun baya, maƙwabcina, wani Bafulatani da muka girma tare, ya yi sallama a ƙofar gidana ranar wata Asabar. Bijimansa biyu sun ɓace wajen kiwo, can gefen Daddara, kwana uku babu labari. Su ne na huɗarsa, ga damina ta matso.

"Gobe kasuwa," ya ce. "Kana da mota, kana da baki huɗu. Ka yi mini cigiya."

Baki huɗu da yake nufi su ne Hausa, Fulatanci, Faransanci da ɗan Larabcin da na tsinto a yawon duniya. Ranar kasuwar Jibiya mutanen Nijar kan cika gari, kuma dabba ba ta san iyaka ba. Na aro lasifika huɗu, irin masu bakin ƙaho, na ɗaure a saman mota. Saura amfilifaya.

Da safe na je rumfar wani mai gyaran rediyo a Magama, mutumin Maraɗi, shi "amfili" yake ce mata. Ya ajiye mini guda biyu. Na ɗaga ta farko, nauyi kamar dutsen niƙa. Ta biyu kuwa kamar kwalin sukari. Ni dai tun daga Kwatano har Hartum da hannu nake auna kayan lantarki, mai nauyi shi ne na ƙwarai. Na rungumi babbar.

"Baba Alhaji, lasifikanka om nawa ne?"

"Ɗana, ina harka da rediyo ba a haife ka ba."

"To, Allah shi ba da sa'a," ya ce, yana murmushi.

Na haɗa wayoyin lasifika huɗun nan duk a baki ɗaya, ni da maƙwabcina muka tsaya a tasha kusa da shingen iyaka, na kashe inji don kada ƙararsa ta danne muryata. Da farko har tantabaru suka watse. Na yi sallama, na gai da jama'a, na gai da sarakunan tasha. Ina zuwa "ana cigiyar bijimai biyu", sai ɗif. Na taɓa ƙarfen, zafi kamar an sauke shi daga murhu. Ta huce, na sake farawa, da gaisuwar duka, ta sake ɗaukewa a wuri ɗaya. Wani direba ya ɗaga murya: "Alhaji, mun amsa gaisuwa! Mi ya ɓace?" Aka bushe da dariya. Maƙwabcina bai yi dariya ba, rana yake kallo. Bayan la'asar 'yan ƙetare za su fara komawa. Na murza makulli, motar ta tashi da ƙyar.

Muka koma rumfar. Ban nemi ya rage mini kunya ba, na ce ya gaya mini dalili, don abin ya fi ba ni mamaki a kan haushi. Ya juya lasifika ɗaya ya nuna mini lamba takwas a bayanta, ya ce om ɗin da ya tambaya ke nan, ya nuna huɗu a jikin amfilifayar.

"Ka san injin ban-ruwa? Tiyo ɗaya, yana aiki lafiya. Ka buɗe masa huɗu lokaci guda, sai ya galabaita. Takwas ɗin nan, da ka tara su a baki ɗaya, sun koma biyu. Ita kuma ba ta jure ƙasa da huɗu. Ba lalacewa ta yi ba, kanta take ceto."

"To zafin fa?"

"Nauyin da ka so, ƙarfen shanye zafi ne. Irin wagga, wutar da take ja daga batir, kaso babba zafi yake zama. Ƙaramar, kusan duk abin da ta ja sauti take maida shi. Ga mai magana da inji a kashe, ita ce taka."

Ya jera lasifikan bibbiyu, ɗaya a bayan ɗaya, ya haɗa layukan biyu, lissafi ya dawo takwas. Ya ɗaura ƙaramar. Maƙwabcina ya dafa ni ya ce, "Don Allah wannan karon bar gaisuwar."

Na bar ta. Farin bijimi mai karyayyen ƙaho, da ja mai tsage a kunne. Na faɗa da Hausa, na juya Fulatanci, na juya Faransanci, muka zaga tasha da bakin kasuwa, kwalin nan ko ɗumi sosai bai yi ba. Gab da la'asar wata mai tallar nono ta ratso mutane da ƙwarya a ka. Ta ce a ƙauyensu, can ƙetare, an kama shanu biyu a gonar rani, suna ɗaure a gidan mai gari. Maƙwabcina ya tambaye ta kunnen jan. Ta ce hagu. Sai ya zauna a ƙasa nan take, ya rufe fuska da rawaninsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na ga ƙasashe da yawa, na yi ciniki da harsuna da yawa, amma ban taɓa juya lasifika na karanta abin da ke bayanta ba sai ranar da abincin gidan wani ya rataya a kai. Washegari muka ƙetara da sassafe. Ni na dawo a mota, shi ya ƙi shiga, ya ce a ƙasa zai koro su, ko zai kai dare.