Takalman Gwani a Hannun Kwastan

Gwani bai gaji dukanci ba. A kamfanin takalma na gwamnati ya koya, zamanin da gwamnati ke ganin aikinta ne ta sa wa kowa takalmi, tun daga soja har ɗan firamare. Da yankan fata ya fara, ya koma kan keken ɗinki, ya ƙare a teburin ƙarshe inda ake duba kaya kafin a sa a kwali. A teburin nan abokan aiki suka laƙaba masa sunan da ya danne na yanka.

Sai wata shekara gwamnati ta wayi gari ta ce ita ba 'yar kasuwa ba ce. Aka sayar da kamfanin. Wanda ya saya bai ɗinka ko silifas ba. Ya kwashe injuna, ya mai da wurin sito, yana cika shi da takalman da jiragen ruwa ke kawowa. Gwani ya dawo gida da keke ɗaya da ya saya a gwanjon kamfanin, da buhun ƙafafun katako da ake jan fatar takalmi a kansu. Ya kafa keken a ɗakin ƙofar gida, ya kira tsofaffin abokan aikinsa biyu. Gidan ya ɗauki warin gam, matarsa ta yi mita har ta gaji ta saba.

Takalmi kam ba shi da makusa. Amma mai saye zai ɗauka, ya jinjina, ya juya tafin, da ya ga babu sunan wata ƙasa sai ya ajiye ya goge hannu. Kaya suka yi ta kwantai, har ranar da ƙanin matarsa, mai rumfa a kasuwa, ya shigo da wani ɗan tambarin ƙarfe mai sunan wata ƙasar Turai.

"Yaya, ka zafafa wannan ka danna a tafin," in ji shi. "Ko ni sai in rantse daga jirgi aka sauke shi."

"Ƙarya ke nan fa."

"To kai wa yayata gaskiyar ta dafa wa yara."

Gwani ya kira shi ɗan banza, sannan ya karɓi tambarin. Kasuwa kuwa ta buɗe. Da wannan ƙarfen aka yi rufin kwano, da shi yara suka gama makaranta. Sai dai abin yana ci masa rai. Ya sha zama kusa da mutum a mota, ya gane ɗinkinsa a ƙafarsa, ya ji yana cika baki wai mutanenmu ba za su taɓa iya irin wannan ba. Sai dai Gwani ya kalli taga.

Shi ya sa ranar da rediyo ta ce sabuwar gwamnati ta hana shigo da takalma don masu yi a gida su numfasa, ba wanda ya kai shi murna a unguwar. Ya bi shago shago yana cewa ƙasa ta tuna da 'ya'yanta. Ko kaɗan bai tuna da abin da ke rubuce a tafin takalmansa ba.

Ana dab da komawa makaranta 'yan kwastan suka dira kasuwa. Aikin da su Gwani suka shafe hutun nan suna yi, takalman 'yan makaranta kwali kan kwali, yana rumfar ƙanin matarsa. Jami'an suka juya tafi, suka karanta, suka loda komai a mota. In kayan nan suka tafi, keken ɗakin ƙofar gida ya tsaya ke nan, da abincin gida uku.

Gwani ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofishin. Shugabar wurin mace ce, ba ta fi sa'ar babbar 'yarsa ba.

"Ranki ya daɗe, kayan nan nawa ne. A ɗakina aka yi su."

"Baba, duk wanda muka kama haka yake faɗa. Ga rubutu a jiki. Wuta za a cinna musu da sauran."

Dokar da aka yi dominsa ce za ta ƙone shi, kuma da hannunsa ya jawo. Amma shi ba mai tsayawa roƙo ba ne. Ya ce ta ara masa benci da inuwa kawai.

Ya je ya dawo da fata, da wuƙa, da basilla, da ƙafar katako, da ɗan kurfoti. Ya zauna a harabar ofishin, tsakanin buhunan da aka kama, ya naɗe hannun riga. Ya yanka, ya ja fatar a kan katakon, ya shafa gam, ya ɗinke tafi. Jami'ai suka bar tebura suka kewaye shi. Da ya gama sai ya fito da tambarin daga aljihu, ya ɗora a garwashi. Nan ne kawai kunya ta kama shi sosai. Ya danna, hayaƙi ya tashi, ga sunan Turai ya fito raɗau a tsakar ofishin kwastan.

Shugabar ta sa aka ɗauko ɗaya daga cikin kwalayen. Ta jera na cikin kwalin da wanda ya gama ɗinkawa, ta daɗe tana kallo.

"Na yarda, Baba. Amma kun yaudari mutane. Tambarin nan zai zauna a wurinmu, kuma ba takalmin da zai koma kasuwa sai an kankare sunan nan."

"Na ji, ranki ya daɗe. Dama ya ishe ni."

Su uku suka duƙufa da kankara har yatsu suka yi kanta. Ƙanin matarsa ya leƙo, ya ce shi kam ba zai iya tsayawa a gaban takalmi marar sunan ƙasa ba, wa zai saya? Gwani ya ce ya ba shi makullin rumfar.

Bai taɓa sayar da takalmi da bakinsa ba. Ya tsaya a bayan kanta kamar baƙo. Wata mata ta zo da 'yarta, ta ɗauki ɗaya, ta matsa, ta lanƙwasa, ta juya tafin. Babu komai sai wurin da aka kankare.

"Malam, wannan na ina ne?"

"Nawa ne, Hajiya. Ni na yi."

Sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Bai taɓa faɗa wa mai saye wannan maganar ba sai yau.

"Au, na gida ne? To sai ka rage."

"Ba zan rage ba. In ya ɓalle kafin ƙafarta ta fi shi, ki dawo, ina nan. Ba sai kin hau jirgi kin nemo ni ba."

Matar ta yi tsaki, ta ajiye, ta ja 'yarta suka wuce rumfar gaba. Gwani bai kira ta ba. Ya goge takalmin da gefen riga, ya mai da shi kan kanta, tafin yana kallon sama, don na gaba ma ya gani ya tambaya.