Wanda Ya Tsaga Injin Taraktar Baba

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana Habu, makaniken Unguwar Shanu, Allah Ya jiƙansa. Har yau in an taru a gidanmu, suna ko biki, sai wani ya jefo maganar nan cewa Habu ne ya kashe taraktar Baba. Ana faɗa ana dariya, 'ya'yansa na zaune suna ji. Ni ma ina zaune, ina cin shinkafata.

Taraktar tsohuwa ce, ƙirar Ingila, ta girme ni. Bayan rasuwar Baba ta yi shekaru a kwance, sai Yaya Habu ya ci alwashin tayar da ita kafin damina, a koma noman gonarmu ta bayan Rigasa. Ya kwance injin kaf, ya wanke, ya gyara. Abin da ya tsayar da shi su ne dogayen ƙusoshin nan masu tiredi, wato zaren murɗawa, sama da ƙasa, waɗanda ke ɗaure kan injin da gangar jikinsa. Tsofaffin tsatsa ta cinye su. Na kasuwa kuwa awon milimita ne, injin Baba na inci ne, a ido kamar ɗaya amma ba sa shiga. Sai da ya sa aka yanka masa sababbi. Dokarsa ita ce ramin ƙusa ya bushe ƙarau, ƙusa kuma da yatsa ake murɗa ta. In ta cije, a fitar a duba.

Wata Asabar na je garejinsa cikin farin yadina na ma'aikacin ofis, wai kallo. Ya shigar da shida, ta bakwai ta cije a rabi, aka kira la'asar. Ya ce mu tafi, na ce ina tafe. Ni ɗan boko, na ga abu mai sauƙi ya gagari wanda bai gama firamare ba. Na fitar da ita, na tsiyaya baƙin mai a ramin, na mayar, na sa sifana na danna da ƙarfina. Sai na ji ƙas, kamar an ɓare goro. Man bai sami hanyar fita ba, ya tsaga gangar injin. Na goge hannu na bi sahu.

Da muka dawo ya bi tsagar da yatsa, ya ga mai na tsattsafowa. Ya dubi hannun rigata.

"Isa, je ka wanke rigarka kafin ya kama," ya ce.

A taron gida Kawu Lawal, wanda bai taɓa riƙe sifana ba, ya yi ta zuba, wai an ba mai gyaran keke aikin injiniya. Yaya Habu ya ce shi ne, hannunsa ya yi nauyi. Na bar shi ya ɗauki laifin. Magana ta fita gari, manoman da ke kawo masa taraktoci suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙare rayuwarsa yana gyaran ƙananan janareta. Taraktar kuwa 'yan gwangwan suka yanka ta.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garejojin Kaduna na yanzu, inda ake ɗaure komai da bindigar iska, abu ya lalace a jefar a sayo wani. Ina jin kai kawai zai girgiza. Amma wane bakin gare ni na zagi makanikan yanzu? Su ko ba komai in sun ɓata suna tsayawa a zage su. Ina jin haushin dangin da suka mayar da mutum abin dariya a kan aikin da ba su san kansa ba. Wani lokacin har shi nake jin haushi, da ya rufa mini asiri ya tafi ya bar ni da shi.

Abin da ya rage nasa bai fi akwatin sifanu da wannan mummunan suna ba. A bikin da aka yi bana, babbar 'yarsa Zainab ta same ni a gefe bayan an gama dariyar.

"Baffa, da gaske Abbanmu bai iya aiki ba?"

Na ce mata ta je ta ci abinci.

Zainab, ga amsarki, a inda Kawu da kowa zai karanta. Ƙusa shida mahaifinki ya ɗaura a injin nan, kowacce ta zauna daram. Ta bakwai ni na ɗaura.