Mil Uku Daga Bakin Titi

Tarihin duniya, in aka tace shi, bai wuce labarin waɗanda hanya ta bi ta ƙofarsu da waɗanda ta kauce wa ba. Na karanta tashi da faɗuwar dauloli a kwalejin horon malamai, amma ban gane wannan darasi ba sai da aka mayar da ni koyarwa ƙauyenmu, mil uku daga titin Funtuwa zuwa Malumfashi, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai.

Ƙauyen da ke bakin titi bai fi mu da komai ba. Audugarmu ta fi tasu fari, masaƙanmu sun fi nasu hannu. Amma duk ƙarshen mako Turawan da ke aiki a Funtuwa sukan kwaso baƙinsu su tsaya a can, su ɗauki hoton masaƙa, su sayi gwado ba ko tayi. Kafin damina biyu rufin kwano ya fara ƙyalli a garin. Malamin makarantarsu, wanda ni na riƙa gyara wa Turanci a kwaleji, ya zama tafinta, ya sayi sabon keke har da ƙararrawa. In ya wuce ni ranar kasuwa sai ya kaɗa ta sau biyu.

"Malam, har yanzu ƙafa ce motar?"

"Likita ya ce in riƙa tafiya," na kan ce. Ba likitan da ya gaya mini.

Na samo katako, na rubuta gayyata da Turancin da ko gwamna ya gani sai ya jinjina, na kafa a mararraba. Aka yi makonni shiru. Sai ga saƙo daga wani direba: ranar Asabar zai kawo Turawa huɗu su ga saƙa.

Mai gari ya ce, "Baƙi tun daga Turai? To, ba za a ji kunyarmu ba."

Aka share gari tas, aka yanka rago. Masaƙa suka naɗe zarensu, suka kwance kayan saƙa suka ɓoye a bayan gida, don ba a tarbar baƙo cikin tsumman aiki. Ni ma, da duk karatuna, na taya su ɗauka.

Turawan suka iso, aka ba su tuwo da naman rago suka ci. Wata Baturiya mai kamara a wuya ta yi ta waige-waige, ta tambaye ni ina masaƙan. Na nuna mata dattawa jere a kan tabarma, kowa cikin rigarsa ta yadin kanti, hannu a kan gwiwa. Hoto ɗaya ta ɗauka, na wani rumbu da muka manta ba mu yaɓe ba.

Na sa aka kawo gwado. Mijinta ya shafa, ya gyaɗa kai, ya zaro jakar kuɗi. Na ji ƙararrawar keke a kunnena. Sai babban masaƙinmu ya zabura.

"Malam, gaya masa ya mayar. Ya ci tuwona sannan in sayar masa? Subhanallahi!"

Na sunkuya na ce, "Baba, ai don su saya muka kira su."

"Kai ka kira su, ɗana. Mu baƙi muka yi."

Sauran masaƙa suka ga ba za a bar su a baya ba, kowa ya aika gida a kawo nasa gwadon. Ni kuwa na tsaya ina fassara "kyauta ce" sau shida. Aka ɗora kaji biyu a kai.

Da na raka su mota, na ja direban gefe. Na ce don Allah ya gaya mini gaskiya, me mutanen bakin titi suke da shi da har ake tsayawa wurinsu?

Ya ce, "Su? Ai tudun nan ne, Malam. In muka hau shi injin ya ɗau zafi, dole a ba shi ruwa. Rijiyarsu ce a kusa."