Kawu da Kwamfutar da Ke Shara a Tsakiyar Shirina

A gidan rediyonmu Kawu muke ce wa mai kula da na'urorinmu, har manaja. Da gyaran rediyo ya fara a rumfar babansa, ya koma talabijin, da kwamfuta ta shigo ya koye ta da furfurarsa. Ba ya gaggawa ko kaɗan, ni kuwa wannan sanyin nasa haushi yake ba ni.

Shi ya tsara wa kwamfutar ɗakin watsa shirye-shirye aikinta na bayan fage. Faifan da ke ajiye muryoyinmu, in ji shi, kamar ɗakin yara ne: in ba a tattara abin da ya warwatse ba, sai ya cushe ya yi nauyi. Don haka ya umarce ta ta riƙa wannan sharar duk sanda aka jima ba a taɓa kibod ba.

To, shirina na lafiyar mata naɗaɗɗe ne, kuma shi kaɗai ke sarƙewa in an sa shi. Muryata ta yi ta yankewa kamar mai shaƙuwa. Manaja ya ce ni ce ban iya naɗi ba, in aka kuma ranar Laraba zai ba wata filin. Wallahi har abinci ya fita raina.

A fusace na je na sami Kawu. "Kawu, na'urarka za ta raba ni da aikina!"

"Yi haƙuri, 'yata. Sa mini shirin a nan in gani."

Na danna, na koma gefe ina hararar sa. Ya harɗe hannu ya zuba ido. Can sai 'yar fitilar faifan ta hau ƙiftawa ba ji ba gani, muryata ta soma yankewa. Kawu ya dafe kai.

"Kai, tsufa! Laifina ne. Sauran masu shiri kai tsaye suke magana, hannunsu na kan kibod. Ke kuwa kina sawa sai ki janye hannu, ita kuma ta ɗauka kowa ya tashi, ta ɗauko tsintsiya."

Nan take ya sauya umarnin: ta daina kula da kibod, faifan za ta duba, muddin ana jan sauti daga cikinsa shara ta jira. Sannan ya taka da ƙafarsa ya faɗa wa manaja kuskurensa ne, ba nawa ba.

Ranar Laraba na tsaya bakin lasifika ina saurare. Shirin ya tafi sumul har ƙarshe. Manaja ya leƙo ya ce, "Mako mai zuwa me za ki kawo mana?"

Na buɗe baki in amsa, sai ga hawaye. Kawu ya turo mini kujera na zauna.