Habsatu, Mai Zanen da Ake Takawa da Ƙafa

Tun rana ba ta yi zafi ba Habsatu take isowa buro, wato ofishin ƙungiyar manoma da makiyaya da ke Gazawa. Takan yaye tsohon zanen da take lulluɓe kwamfuta da shi, ta goge madubin idonta da gefen mayafi, ta yi bisimilla, sannan ta kunna. Daga nan har azahar ba ka jin komai sai ƙwas-ƙwas ɗin yatsanta. Aikinta shirya diyapo, wato shafukan nan da ake haskawa a bango da majigi idan an tara jama'a. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ido ya fara gajiya. Kafin ta tafi, ya kamata a san ko wace ce ita.

Da keken rubutu ta fara, tun tana budurwa. Lokacin da aka kawo kwamfuta, sai aka riƙa ba ta dogayen bayanai da Faransanci ta zuba a diyapo. Ta yi ta zubawa, har ranar da ta bi 'yan ƙungiyar taro a wani ƙauye, ta zauna a baya, ta ga tsofaffi suna gyangyaɗi, mata suna tsinkar zogale a cinya. Ba wanda ya yi lakol, wato makarantar boko, a cikinsu, rubutun bango bai ce musu komai ba. Ta dawo ta buɗe wurin da manhajar ke ajiye siffofi, da'ira da murabba'i da kibiya da jinjirin wata, ta zauna da su kamar mai koyon saƙa.

Ku zo ku ga yadda take ƙera saniya. Da'ira ce za ta ja ta miƙar ta zama gangar jiki, ta ɗora mai kusurwa uku ya zama kai, ta juya jinjirin wata ya koma ƙaho, ta dasa sanduna huɗu a ƙasa, ba ta mantawa da tozo. Sai ta ɗaure su duka su zama abu guda, yadda in ta ja saniyar ƙahon ba zai tsaya a baya ba. Matan Cadawa har yau suna ba da labarin rumbun da ta zana musu, gero yana raguwa a cikinsa shafi bayan shafi, har wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta ce a tsayar haka nan, ta gane, za ta ajiye iri. A wajen Gidan Rumji kuwa, an ce wani makiyayi ya ƙi yarda a wuce shafin allurar dabbobi sai da aka mayar masa da saniyar ja, wai shi ba ya kiwon farare.

Amma abin da ya sa sunanta ya zauna a bakin mutane ya faru ne a wani ƙauye na karkarar Gangara, ana dab da girbi. Shanun Arɗo Idrisa sun kusa gangarowa daga arewa, kuma tsohon burtalin da suke bi zuwa tafki gonaki sun cinye shi. Bara waccan an fasa kawuna a kan haka. An kira taro don a tsayar da sabuwar hanya kafin shanu su iso. In aka tashi ba a daidaita ba, kowa ya san da sanda za a ƙarasa zancen.

Habsatu ta yi kwanaki tana shirya taswirar. Koren murabba'i gona, shuɗiyar da'ira tafki, doguwar kibiya ruwan ƙasa ita ce burtali. Ta jera komai daidai, ba wanda ya hau kan wani. Ɗan Azumi, mai kabu-kabun da ya saba kai ta ƙauyuka, ya ɗauko ta da kwamfuta da majigi da batir. Aka rufe tagogin ajin lakol, aka haska bango.

Ɗakin bai gama yin shiru ba sai Malam Chindo ya miƙe. Dattijo ne, gonarsa ce mafi girma a gabas da gari, kuma in ya ce a'a rabin manoma sun ce a'a. Ya nuna saman bangon da sandarsa, inda kibiyar ta faro, ya ce ai ga ta nan ta shigo ta gabas, ta tsakiyar gonarsa. Shugaban taro ya ce saman taswira arewa ce. Chindo ya ce shi tun da aka haife shi abin da ke gaban mutum gabas ne, nan yake fuskanta sau biyar a rana, ba wanda zai mayar masa da gabas arewa yana ji yana gani. Sai ya juyo ya dubi Habsatu.

"Ɗiyata, ba laihinki ba ne. Jini ne. Kakanninki da sanda sunka zo garin ga, ke kuma da kibiya."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ne kakanta makiyayi ne kafin ya zauna ya kama fartanya. Ta ga mutane sun fara laluben takalmansu. Arɗo ya naɗe rawaninsa ya ce da ma ya san Kaɗo ba ya ba da hanya sai ga gawa. Habsatu ba ta kare kanta ba. Abin da ya faɗo mata shi ne mahaifinta: duk sanda zai kwatanta wuri, ba ya ɗaga hannu sama, tsugunawa yake ya zana a ƙasa da yatsa, tafki ta wajen tafki, gari ta wajen gari. Ita ce ta rataye musu ƙasarsu a bango, inda ba su taɓa ganinta ba.

Ta roƙi a ba ta ɗan lokaci. Ta sa aka jawo fararen buhunan da ake shanya a kai aka shimfiɗa a tsakar ajin. Ta ce wa Ɗan Azumi ya hau tebur ya rungumi majigin ya kifa shi ƙasa. Ya hau yana mita, wai shi kuɗin babur aka yi ciniki, ba a ce zai zama turken fitila ba. Taswira ta zubo a kan buhuna, a karkace. Habsatu ta kewaye siffofin gaba ɗaya, ta ɗaure su, ta kama ɗan maƙalin juyawa da ke samansu, ta riƙa murzawa a hankali. Gonaki suka juya, gari ya juya, har shuɗiyar da'irar ta kwanta ta wajen ƙofa, daidai inda tafkin gaske yake in ka leƙa.

"Baba, taka ka tsaya cikin gonarka," in ji ta.

Chindo ya tuɓe takalmi ya taka. Ya duba gabas, ya duba ƙafarsa, koren haske ya hau masa har idon sawu. Kibiya tana can hagu da shi, ba ta shiga tsakiyar gonar ba, gefenta kaɗai ta shafa, wajen gawon da kowa ya sani. Can sai ya sa sandarsa ya tura kibiyar, kamar mai korar maciji. Habsatu tana kallon bakin sandar, ta kama tsakiyar kibiyar ta lanƙwasa ta bi shi. Ɗakin ya ɗauki salati.

Arɗo ya ce ina, nan da aka tura ta kwazazzabo ne, ko akuya sai ta yi tunani. Shi ma ya shigo da tasa sandar ya turo ta baya. Nan fa aka shiga ciniki. Chindo ya tura, Arɗo ya maido, kibiya tana bin su kamar mai rai, Ɗan Azumi yana rantsuwa hannunsa ya mutu. Arɗo ya ce shanunsa sun fi Chindo kunya, ba sa cin abin da ba a ba su ba. Chindo ya ce to bara aljanu ne suka cinye masa wake. Aka yi dariya, wadda aka daɗe ba a yi ba tsakanin mutanen nan. Daga ƙarshe sandunan biyu suka tsaya wuri guda, kai da kai, bayan gawon kaɗan.

"Na bar kunyoyi ukun nan na gonata," in ji Chindo. "Amma taki nawa ne, Bahillace. Su kwana gonata bayan girbi."

"Sun kwana," in ji Arɗo.

Washegari aka fita da aguwa, itacen shinge, aka dasa dama da hagun layin da sandunan suka tsayar.

Habsatu, ke ce kika sauko da zane daga bango kika shimfiɗa shi inda talaka zai taka. Ke ce aka gaya wa magana mai ciwo a gaban jama'a, kika haɗiye, kika mayar da martani da aiki. Ba a taɓa kiran sunanki a rediyo ba, ba a rataya miki lambar yabo ba, ko a hoton taro bayan majigi kike tsayawa. Mun gode, 'yar mutan Gazawa. Allah ya saka, ya ƙara wa idonki haske.

Ku kuma matasa masu kwamfuta a cinya, masu cika shafi da launi da rubutu mai tsalle, ku je ku gaishe ta tun tana kusa, ku tambaye ta yadda ake duban mai kallo kafin a ja layin farko. In kuna son ganin aikinta, ba sai an kunna muku majigi ba. Ku je ƙauyen nan bayan girbi, ku tsaya gindin gawo da hantsi. Shanu za su zo su wuce tsakanin layin aguwa biyu, su gangara tafki su sha, ba wanda ya ɗaga sanda.