Kadi da Baƙon da Ya Ƙi Nama

A gyara zama, a kore awaki daga hanya! Ga Kadi 'yar Tawa, sarauniyar murhu uku, gwamnar ludayi tun daga unguwar Saga ta Yamai har bakin kogi, wadda ba ta taɓa leƙa lakwal, wato makarantar boko, ba amma ma'aikatan biro, manyan ofis, ke durƙusa mata da tsakar rana. Shekara biyu da samun 'yancin kai, tutar ƙasa sabuwa fil, tukunyarta tsohuwa, amma ta fi tutar tara jama'a.

Alfaharin Kadi ɗaya ne: tun da ta kafa rumfa, ba wanda ya zauna tabarmarta ya tashi da yunwa. Sai Allah ya kawo Ramanu.

Ba'indiye ne, siriri, mai tabarau, an ɗauko shi auna ruwan da za a ja zuwa gonakin shinkafa. Sunansa ya fi haka tsawo, Kadi ce ta datse shi. Yarensu yake ji da Ingilishi, Yamai kuwa sai Zabarmanci, Hausa da Faransanci. Alu shofer, mai yawo da shi a mota, ya kawo shi rumfa.

"Inna, ga baƙon gwamnati. Kwana shida gyaɗa da mangwaro kawai yake ci. An ce in ya faɗi, jirgi za a sa shi a mai da shi gida."

"A Saga? Ina raye?"

Ta zubo shinkafa, ta ɗora tsokar rago har uku. Ramanu ya haɗa tafin hannuwansa, ya girgiza kai, ya ture kwanon a hankali.

"Ɗan mutunci ne," in ji Kadi. "Kunya yake ji. Ku juya masa baya!"

Duk rumfar ta juya, har da wani tsohon soja. Da aka waiwayo, ƙuda ne kawai ya ci.

Washegari ta binne naman a ƙarƙashin tuwo, yadda ake yi wa suruki mai nauyin baki. Ya tono shi, ya zabura, ya je ya yi ta wanke hannu kamar ya taɓa garwashi. Ta sa aka yanka kaza, ya ƙi. Ta kawo kifi, don a wurinta kifi ba nama ba ne, ya ƙi. Ta tsame naman ta ba shi romon zalla, ya sansana ya ajiye.

Hawwa mai fura ta leƙo daga rumfarta. "Yaya Kadi, an ce miyarki ta fara korar mutane har Indiya."

Kadi ta ci gaba da juya miyarta. Abin da ya dame ta daban ne. Wannan mutum uwa ce ta haife shi, uwar kuma ta ciyar da shi har ya yi gemu. To da me?

Rana ta biyar ba ta dafa masa komai ba. Ta jera masa kayan miya ɗanye a kan faifai biyu, ta zauna ta zuba ido. Ramanu ya gyara tabarau. Ya ware busasshen kifi gefe, ya ware kitse da ƙwai. Daddawa ya daɗe yana sansanawa kafin ya yafe mata. Ya jawo wake, albasa, ƙuli-ƙuli, barkono, tsamiya. Da ya ga zogale sai ya yi wata ƙara da yarensu, ya rungumi ganyen kamar ya haɗu da ɗan garinsu a tasha.

"Inna lillahi," in ji Kadi. "Alu, kopto yake so! Kwaɗon zogale, abin da muke ci a bayan ɗaki ranar da kasuwa ta ƙi. In aka ji a Tawa na ba baƙon gwamnati ganye, da wane ido zan koma?"

"Da wanda za ki kalle shi yana hawa jirgi, Inna."

Ta tashi. Ramanu ya bi ta, ya ƙwanƙwasa tukunyar naman, ya girgiza kai. Wannan karon ta gane, ta aro sabuwar tukunyar ƙasa wurin Hawwar da ta yi mata dariya.

Ya ci kwano ɗaya yana gumi, ya miƙo, ya ci na biyu, ya nemi ƙarin barkono. Hausar da ya fara koya ke nan, "ƙara". Bai hau jirgin ba sai bayan damina biyu, kuma sai da tela ya buɗa masa wando.

Kwanan baya ni mai ba ku labarin nan na sami Kadi tana tuƙa tuwo, na ce, "Inna, kin san kin sasanta ƙasashe biyu ba tafinta? A takarda zan sa ki, jikoki su karanta."

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Mutum na jin yunwa na ba shi ganye. Matsa, ka tare mini iska."