Hoton Mijin Hajiya

A shagona na buga hotuna da ke unguwar Soron Ɗinki, firinta ta daɗe tana ba ni kunya. Duk hoton baƙi da fari da na buga, sai ya fito kore-kore. Da wata Hajiya ta kawo tsohon hoton marigayi mijinta, na ce ta ba ni mako guda.

Na buga jerin ƴan murabba'ai, daga fari fat zuwa baƙi ƙirin, ina ɗora na'urar auna launi a kan kowanne, ina daidaita tawada. Rana ta biyar koren ya tafi.

Hajiya ta daɗe tana kallon hoton, ta ce, "Malam, har aikin wuyan rigarsa ya fito. Ni na zaɓa masa ita."

Don daɗi, har bakin titi na raka ta.